Masu Turanci a Ajin Faransanci: Abin da Na Gani a Montiriyal

Titin Saint-Laurent ya taso daga bakin kogi ya ratsa birnin Montiriyal na ƙasar Kanada, kuma tun zamanin kakanni shi mutanen garin suke ɗauka a matsayin iyaka. Yamma da shi unguwannin masu Turanci ne, irin su Westmount, can ne kuma jami'ar McGill take. Gabas da shi masu Faransanci ne, har zuwa Hochelaga inda ma'aikatan masana'antu suka zauna shekara da shekaru. Baƙi kuwa, Yahudawa da Italiyawa da 'yan Fotugal, a bakin titin kansa suka yada zango. Yau iyakar ta dusashe, amma kunne bai daina jin ta ba. In ka miƙi titin Sherbrooke daga yamma ka nufi gabas, za ka ji hirar mutane tana sauya harshe a hankali tun kafin ƙafarka ta gaji.

A rubuce kuwa babu wannan rabon, Faransanci ne a gaba ko'ina. Allon tsayawar mota ARRÊT aka rubuta a jikinsa. Gidan kajin da duniya ta sani da KFC, a can PFK ake kiransa. A jirgin ƙarƙashin ƙasa muryar da ke sanar da tasha ta gaba da Faransanci kaɗai take magana. Doka ce ta kawo haka, dokar kuma tana da tarihi. Faransawa ne suka kafa birnin Kebek a 1608, suka kafa Montiriyal a 1642. Sojojin Ingila suka ci birnin Kebek da yaƙi a 1759, yarjejeniyar 1763 ta miƙa ƙasar ga Ingila. Shekara ɗari biyu bayan haka masu Faransanci su ne mafi yawa a jihar Kebek, inda Montiriyal take, amma dukiya da manyan kujerun kamfanoni suna hannun masu Turanci. Hukumar binciken da gwamnatin tarayya ta kafa a 1963 ta gano cewa wajen samun kuɗi masu Faransanci suna kusa da ƙasan jerin ƙabilun jihar, a ƙasar da kakanninsu suka sare dajinta. Wannan ciwon ne ya haifi dokar da kowa ke kira Doka ta 101, wadda gwamnatin René Lévesque ta kafa a 1977 a hannun ministanta Camille Laurin. Ta mai da Faransanci harshen aiki da kasuwanci da allunan talla, ta kuma wajabta wa 'ya'yan baƙi shiga makarantar Faransanci. Dubban masu Turanci suka tattara suka koma Toronto, kamfanin inshora na Sun Life ma ya sanar da ɗauke hedikwatarsa a 1978. Waɗanda suka zauna suka koyi harshen. A yau wajen biyu bisa uku na 'yan jihar da Turanci ne harshensu na gida suna iya hira da Faransanci.

Abin da ya ja hankalina shi ne waɗanda ke kan koyo yanzu. Wata malama ta yarda in riƙa zama a bayan ajinta na dare, a wata cibiyar unguwa a Côte-des-Neiges, unguwar da baƙi suka fi yawa. Lokacin hunturu ne, kowa zai shigo ya kakkaɓe ƙanƙara daga takalminsa, ya rataye babbar rigarsa, ya zauna da gajiyar aikin yini a fuska. Akwai matan Filifin masu kula da tsofaffi, da samarin Indiya masu aikin kwamfuta, da wani dattijo ɗan Jamaika, da wata mata da aure ya kawo ta daga jihar Ontario, da 'yan Najeriya, da 'yan Kolombiya biyu. Ban da 'yan Kolombiyan, dukansu da Turanci suka shigo jihar. Karatun kyauta ne, gwamnatin jiha ke biya, kuma tun 2023 aka haɗe rajistar a ƙarƙashin hukuma ɗaya mai suna Francisation Québec. Ma'aunin da ake auna ɗalibai da shi mataki 12 ne. Wannan ajin yana wajen tsakiya.

Malamar ta gaya mini wani abu da na riƙe. Ta ce a makonnin farko masu Turanci ne taurarin aji, domin da an ba su takarda sai su gane rabin abin da ke ciki. In aka yi nisa kuma sai masu Sifaniyanci, irin 'yan Kolombiyan nan, su wuce su, su bar su suna mamakin inda gudun nasu ya tafi.

Dalilin gudun farkon sananne ne. A 1066 William na Normandi ya haye teku ya ci Ingila, daga nan aka shafe kusan shekara ɗari uku Faransanci ne harshen fada da shari'a. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Turanci. Har gobe taken da ke jikin tambarin sarautar Ingila da Faransanci yake. Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na kalmomin Turanci daga Faransanci suka shigo, mafi yawa kalmomin mulki da shari'a da yaƙi da girki. Mu ma rabonmu ya iso mu ta hannun Turawan Ingila: kotu da joji da soja da gwamna da asibiti duk sun bi ta bakin Faransawa kafin su shiga Turanci, kafin su sauka a Kano. Don haka mai Turanci yana shiga aji da dubban kalmomin da bai sha wahalar haddace su ba. Duk kalmar da ta ƙare da -tion ko -able, kusan kyauta ya same ta.

Cikin kyautar akwai ƙaya. Wasu kalmomin kamarsu ɗaya a harsunan biyu amma ma'ana ta rabu tun da daɗewa, malamai suna kiran su faux amis, wato abokan ƙarya. Librairie kantin sayar da littattafai ne, wurin aron littafi bibliothèque ne. Actuellement yana nufin a halin yanzu. Attendre jira ne, ba halartar taro ba. Na ga matar Ontario ta rubuta wasiƙar neman aiki mai tsawo, kalmomin manya-manya, malamar ta zagaye kusan kowane layi da jan biro. Amma waɗannan ba su ne babbar matsalar ba, domin ana iya jera su a takarda a haddace. Babbar matsalar ita ce mai Turanci yana da kalmomi ba shi da abin haɗa su. Kamar mai rumbu ne cike da gero, babu turmi babu taɓarya a gidan.

Kunne ma bai amfana da kyautar ba. Kalmar da ido ya sani, in Bafaranshe ya furta ta sai ta zama baƙuwa: baƙin ƙarshe ya ɓace, wasali ya bi ta hanci, kalma ta manne da ta gaba da ita. Akwai wasula biyu da ake rubutawa u da ou, kunnen mai Turanci ɗaya yake jin su, alhali dessus na nufin sama, dessous na nufin ƙasa. Wani saurayi mai aikin ɗaukar kaya a wani ɗakin ajiya ya ce wannan bambancin kaɗai ya isa ya jawo masa faɗa da shugabansa.

Inda na fi daɗewa ina kallo shi ne darasin jinsi. A Faransanci kowane suna namiji ne ko tamace, tebur da ƙofa da tunani da gwamnati, kuma sifa da wakilin suna dole su bi jinsin. Turanci ya watsar da wannan tsarin ɗaruruwan shekaru da suka wuce, saboda haka mai Turanci yana ganin abin kamar zalunci ne da aka ƙirƙiro don a wahalar da shi. Dattijon Jamaika ya ɗaga hannu ya tambaya, cikin girmamawa, wane ne ya zauna ya yanke cewa kujera mace ce. Malamar ta ce babu kowa, daga Latin aka gada.

Ni da na tashi da Hausa, tambayar ba ta taɓa zuwa mini ba. Kujera ai mace ce a wurinmu ma. Muna cewa farin gida, farar riga, fararen kaya, ba tare da mun tsaya tunani ba. Muna cewa rana ta faɗi, wata ya tsaya. Bafaranshe ya juya su, ranarsa namiji ce, watansa mace, amma tunanin ɗaya ne: suna yana tafe da jinsinsa, sauran jimla tana yi masa biyayya. Har hanyar ganewa ta yi kama. Bahaushe ya san yawancin sunayen da suka ƙare da wasalin a mata ne, ya kuma san gida da ruwa da suna sun fita daga ƙa'idar. Faransanci ma ƙarshen kalma ne ke tona jinsinta. Roy Lyster na jami'ar McGill ya bi sunaye kusan dubu goma na wani ƙamus, ya wallafa a 2006 cewa wajen kashi 80 cikin ɗari ana iya gane jinsinsu daga ƙarshensu. Masu -tion da -té da -ette galibi mata ne, masu -ment da -eau da -age galibi maza ne, sai 'yan tsirarun da suka bauɗe irin su la page da la plage da la peau. Abin da ya ba ni takaici shi ne littattafai da yawa har yanzu suna gaya wa ɗalibi babu wata ƙa'ida, ya haddace kawai. Wannan malamar ba ta yarda da haka ba. Ta liƙa jerin ƙarshen kalmomi a bango da launi biyu, ta kuma hana kowa rubuta suna a littafinsa tsirara. Sai da un ko une a gabansa.

Cikin 'yan Najeriyar ajin akwai wata 'yar Zariya mai karatun aikin jinya. Ta ce da farko ta Turanci take bi, ta fassara jimla daga Turanci zuwa Faransanci, ta yi ta tuntuɓe. Ranar da ta lura Bafaranshe yana cewa j'ai trente ans, wato ina da shekara talatin, daidai yadda za ta faɗa a gidansu, sai ta fara ajiye Turancin gefe. Mai Turanci a nan da aikatau na kasancewa yake farawa, shi ya sa yake cewa je suis fini yana nufin ya gama aiki, alhali abin da ya faɗa shi ne tasa ta ƙare. Haka bambancin tu da vous, wanda ke hana masu Turanci barci tunda su wakilin suna ɗaya gare su ga yaro da sarki. Wanda ya saba gaida dattijo da “kun tashi lafiya” ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da zai koya kawai shi ne mutanen Kebek sun fi Faransawan Faransa saurin komawa tu, har ɗalibi yakan kira malamarsa da sunanta.

Ban ce Hausa tana buɗe kowace ƙofa ba. Aikatau na Faransanci dutse ne ga kowa. Mu wakilin suna ne ke ɗaukar nauyin lokaci, aikatau ya zauna kusan yadda yake. Su kuwa wutsiyar aikatau ce ke sauyawa da kowane mutum da kowane lokaci, kuma rabin sauyin a rubuce yake, baki ba ya faɗar sa: parle da parles da parlent furucinsu ɗaya. Kowane ɗalibi yana da littafin Bescherelle a jaka, ko manhajarsa a waya, yana duba teburan aikatau. Shuɗaɗɗen lokaci yawanci da avoir ake gina shi, amma wasu 'yan aikatau na zuwa da tafiya da haihuwa da mutuwa être suke ɗauka, kuma malaman masu Turanci sun haɗa haruffansu na farko suka ƙirƙiro sunan wasu ma'aurata, Dr da Mrs Vandertramp, don a riƙa tunawa. Na ga sunan a rubuce a bangon littafin kusan kowa. Sai ƙa'idar daidaita aikatau da karɓau in ya gabace shi, wadda ake dangantawa ga mawaƙi Clément Marot na ƙarni na 16, wadda 'ya'yan Faransawa kansu suke faɗuwa a kanta a jarrabawa. A ganina ɓata lokaci ne a tsare ma'aikaciyar da ke son yin magana da tsohuwar da take jinya a kan wannan ƙa'idar tun ba ta iya tambayar ta inda ke mata ciwo ba. Gara a ba ta bambancin passé composé da imparfait, wato abin da ya faru ya ƙare da abin da ake cikin yi ko aka saba yi. Shi kullum ana buƙatarsa, kuma mai cewa “ina cin abinci ya shigo” ya riga ya san hanyar.

Ƙirga ma akwai nasa. Saba'in sittin da goma ne, tamanin ashirin huɗu, casa'in da tara kuwa ashirin huɗu da goma sha tara. 'Yan Beljiyam da Suwizalan sun sauƙaƙa wa kansu da septante da nonante, Kebek ta bi Faransa. Malamar takan karanto lambobin waya da sauri a rubuta, nan ne ake jin aji ya yi tsit.

Tambayar ko nahawu ake fara koya ko magana, a wannan yankin aka yi mata gwajin da duniya ta fi sani. A garin Saint-Lambert, ƙetaren kogi daga Montiriyal, wasu iyaye masu Turanci sun gaji da ganin 'ya'yansu suna shekaru a darasin Faransanci ba sa iya sayen burodi da shi. Suka nemi shawarar Wallace Lambert da likitan ƙwaƙwalwa Wilder Penfield na McGill, suka matsa wa hukumar makarantu, a 1965 aka buɗe ajin yara inda ake koyar da komai da Faransanci tun ranar farko. Tsarin ya bazu, yau yara fiye da 400,000 ne ke cikinsa a faɗin Kanada. Sakamakon ya zo da fuska biyu. Yaran suna fahimta kusan kamar 'yan gida, Turancinsu kuma bai ragu ba. Amma bayan shekaru suna ji, jinsi da wutsiyar aikatau ba su zauna a bakinsu ba. Merrill Swain ta Toronto ta yi bayanin dalili a 1985: mai sauraro yana iya gane magana ba tare da ya kula da nahawunta ba, sai ranar da aka tilasta masa ya faɗa da bakinsa, aka kuma gyara masa, sannan yake ganin giɓin da ke cikin iliminsa.

A nan ne wahalar mai Turanci a Montiriyal take, kuma ta fi ta nahawu nauyi. Birnin ba ya tilasta masa. Kusan rabin mutanen jihar suna jin harsunan biyu, a Montiriyal abin ya fi haka. Ka shiga kanti a tsakiyar gari a tare ka da “Bonjour-Hi”, gaisuwa biyu a haɗe don ka zaɓa. Majalisar jiha ta taɓa zartar da ƙuduri a 2017, babu ko mutum ɗaya da ya ƙi, tana roƙon 'yan kasuwa su tsaya a Bonjour kaɗai, amma gaisuwar tana nan. Ɗalibi zai shirya jimlarsa tun daga gida, ya isa gaban mai kanti ya fara, da an ji karin harshensa sai a amsa masa da Turanci mai kyau. Mai kantin taimako yake nufi, ga layi a bayansa. Ɗan Kolombiya ba shi da wannan mafitar. Dole ya yi ta fama har a gane shi, kuma wannan famar ce karatun. Na yi imani rabin abin da malamar ta gani na wucewar masu Sifaniyanci daga kusancin harshensu da Faransanci ne, sauran rabin daga nan yake.

In ma an daure an amsa masa da Faransancin, wani ne daban da na aji. Je suis ya koma chu, tu ana jin sa kamar tsu, mota char ce, kantin unguwa dépanneur, abincin rana dîner, na dare souper. A rubuce kuma Kebek ta fi Faransa kishin harshe: ita ta yaɗa courriel a madadin kalmar Turanci ta wasiƙar intanet, tana cewa fin de semaine da stationnement inda mutumin Faris zai ari Turanci ba tare da damuwa ba.

Dokar 2022, wadda ake kira ta 96, ta ce bayan wata shida da isowar baƙo hukumomin jiha da Faransanci za su riƙa hulɗa da shi, ban da wasu fannoni irin su lafiya da tsaron jama'a. Na fahimci tsoron da ya haife ta. Mutum miliyan tara ne a tsakiyar masu Turanci sama da miliyan 300, kuma sun ga yadda Faransanci ya shuɗe a Louisiana. Amma wata shida ya yi kaɗan. Makarantar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta sa Faransanci cikin harsuna mafi sauƙi ga mai Turanci, duk da haka tana ware masa sa'o'in aji fiye da 600, ga mutanen da karatun ne kaɗai aikinsu. Matar da ta yini tana ɗaga tsofaffi, ta zo aji dare biyu a mako, lissafinta daban ne.

Bayan sallar Juma'a na haɗu da wani Badamagare da ya daɗe a birnin yana tuƙin tasi. Shi da Faransancinsa ya zo tun daga lakwal, kuma matasan Najeriya sukan taru a gidansa ranar Lahadi su yi hira da shi. Da yawansu jarrabawar Faransanci ta TEF ko TCF suke shirin yi, tunda daga 2023 gwamnatin tarayya ta ware wa masu Faransanci gurbi na musamman a tsarin ba da izinin zama, ana neman mataki na bakwai na ma'auninta a ji da magana da karatu da rubutu.

“Malam,” ya ce da ni, “yaranku akwai kalmomi a kai, baki ne ba ya buɗewa. Karatu su ci, magana su faɗi.”

Na tambaye shi yadda yake yi da su.

“Doka ɗaya gare ni. In ka shigo gidana, Turanci a bakin ƙofa tare da takalmi. Wanda ya maƙale ya tambaye ni da Hausa in yana ji, in ba ya ji ya nuna da hannu.”

Malamar ajin dare ma makamancin haka take yi. Jimlar farko da take sa kowa ya haddace ita ce ta roƙon mai kanti ya ci gaba da Faransanci domin ana koyo ne, kuma duk mako tana tambayar kowa a ina ya yi amfani da ita. Ga waɗanda suka kai mataki na shida shawararta ita ce su bar Montiriyal na ɗan lokaci in da hali, su nufi Saguenay ko Rimouski ko wani ƙaramin gari a bakin kogi inda mai kanti ba zai sauya harshe ba. 'Yar Zariyan nan ta riga ta nemi yin aikin gwajinta na jinya a wani gidan tsofaffi a Chicoutimi, tafiyar wajen sa'a biyar a mota daga Montiriyal.